MAHAYIN KEKE DA TUMBINSA: A KWANO AKE RAGE ƘIBA

(Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa a garin Malumfashi)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda Ya damƙa mana jikunanmu amana, Ya hore mana ƙasar noma da ruwan sama. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Wataƙila wani zai yi mamakin a ce an tara jama'a a irin wannan majalisi domin a yi magana a kan keke da tuwo. Dalilanmu biyu ne. Na farko, 'yan'uwa da dama waɗanda suka koma hawan keke sun kawo mana kuka iri ɗaya, wato mutum ya shafe wata shida ko fiye yana murza feda safe da yamma, amma tumbi na nan inda yake, wani ma ƙaruwa ya yi. Na biyu kuwa ya fi nauyi. Duk wanda ke lura zai ga yadda kujeru ke ƙaruwa a gefen sahun masallatanmu, kuma ba dukkan masu zama a kansu ne tsofaffi ba. Akwai waɗanda ba su kai shekara 50 ba, amma gwiwa ta gaza, sujada ta gagara. Haka nan mun raka gawawwakin magidanta da hawan jini ko ciwon sukari ya yi sanadinsu, aka bar marayu ƙanana. Ajali na hannun Allah, babu ja a kan wannan. Amma riƙo da sababi umarni ne, kuma rigakafi ya fi magani.

YADDA MUKA SAUKA DAGA KEKE, MUKA KUMA KOMA

Dattawan da ke nan sun san zamanin da keke yake abin tinƙaho a ƙasar Malumfashi da Funtuwa. Malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwa, kowa burinsa ya mallaki Raleigh, daga baya kuma Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo. A kan keke ake kai auduga kasuwa, a kansa ake zuwa ɗaurin aure a Kafur ko Dayi ko Bakori. Mutanen wancan lokaci sun yi noma da fartanya, sun ci tuwon dawa da miyar kuka, sun sha fura da nono, kuma da wuya ka ga mai teɓa a cikinsu.

Sa'an nan abubuwa suka sauya. A shekarar 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da ingantaccen irin masara suka yawaita, har masara ta ture dawa a gonaki da yawa. Injin niƙa da na surfe suka hutar da turmi, aka rinƙa cire dusa ƙal, ana tuƙa tuwo fari tas. Bayan haka babura masu araha daga Sin da Indiya suka cika gari, ya zamana ko cefane mutum zai yi sai ya hau babur. Teburin mai shayi da lemon kwalba da taliyar leda suka zama abincin yau da kullum. Aikin jiki ya ragu, abin da ake zuba wa ciki kuwa ya ƙaru.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar cire tallafin man fetur, farashin lita ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki. Nan da nan mutane suka kakkaɓe tsofaffin kekuna, masu faci suka sami ciniki. Wannan alheri ne da ya zo cikin rigar wahala. Wani bincike da Jami'ar Gilasgo ta Birtaniya ta buga a 2017, wanda ya bi mutane fiye da 260,000, ya nuna cewa masu zuwa wurin aiki a kan keke sun fi masu zuwa a mota ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya da kashi 46 cikin 100. A 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Saboda haka wanda ya koma keke ya kama hanya. Saura ya san cewa rabin aikin ke nan.

DA WA AKE WANNAN MAGANA?

Wajibi ne mu bambance, domin kada a sha maganin wani. Mahaya keke a ƙasarmu kashi biyu ne. Akwai manomi ko ɗan garuwa ko mai kai itace da rake kasuwa, wanda ke ɗora buhu a kariya ya yi tafiyar sa'o'i, ya dawo ya kama fartanya. Irin wannan sau da yawa abin da yake ci ma bai kai abin da jikinsa ke ƙonawa ba. Ba a ce masa ya rage komai ba, addu'armu Allah Ya ƙara masa wadata. Akwai kuma ma'aikacin ofis da mai shago da tela da malami, wanda ke hawa keke minti 15 zuwa wurin sana'a, ya wuni zaune, ya hawo minti 15 ya dawo gida. Da shi muke magana.

Ta yaya mutum zai san yana cikin waɗanda ake nufi? Likitoci na da ma'auni. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita sau biyu. Misali, mai kilo 90 da tsawon mita 1.7, in aka raba 90 da 1.7, aka sake raba abin da ya fito da 1.7, za a sami 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake ɗauka cuta. Wanda lissafi ke ba shi wuya, ga hanya mai sauƙi: ya sami igiya ya yanke ta daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita a saitin cibiya ko sama kaɗan. Idan bakunan igiyar suka haɗu, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, to kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mafi hatsari, domin shi ke kewaye hanta da hanji, yana share wa ciwon sukari da hawan jini hanya.

A nan sai mun yi gyara ga al'adarmu. Mun saba in mutum ya aje tumbi a ce ya samu, hutu ya karɓe shi; in kuwa ya faɗa sai a rinƙa tambayarsa ko lafiya. Wannan fahimta ta zamanin yunwa ce, kuma ta kai wasu, musamman mata, ga shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" don su yi jiki, alhali daga cikinsu akwai masu haddasa ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutum 1 cikin kowane 8 a duniya na fama da ƙiba.

LISSAFIN KEKE DA LISSAFIN KWANO

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da ma'aunin da ake kira kalori. Namiji baligi mai matsakaicin aiki na bukatar kimanin 2,500 a rana, mace kimanin 2,000. Abin da ya haura bukata jiki ba ya zubarwa, rumbu yake yi masa, wato kitse. Kilo ɗaya na kitsen jiki na ɗauke da kalori kimanin 7,700.

To, nawa keke ke ƙonawa? Mutum mai kilo 75 da ke tafiya a natse, yana gaisawa da jama'a, yana ƙona kimanin 300 a sa'a guda. In ya dage yana gudu har gumi na zuba, zai iya kai wa 600. Ku tuna fa, an ƙera keke ne don ya sauƙaƙa tafiya. Ƙarfin da mutum ke kashewa ya yi kilomita ɗaya a kan keke bai kai rabin wanda zai kashe in ya taka da ƙafa ba. Saboda haka ɗan'uwanmu mai minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, abin da ya ƙona a wuni bai wuce 150 ba.

Yanzu mu dubi ɗaya ɓangaren. Kwalbar lemo ƙarama na ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato cokalin shayi 8 zuwa 9, kalori kimanin 140. Ke nan kwalba ɗaya, wadda ake shanyewa cikin minti biyu, ta cinye wahalar keken wuni guda. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko na ja ko na shanu, ya kai kalori 100 zuwa 120, domin kowane giram na mai na da 9, alhali hatsi da wake ba su wuce 4 ba. Wanda ya zauna a teburin mai shayi aka dafa masa taliyar leda 2, aka soya ƙwai 2, aka haɗa masa shayi mai kauri da madara da sukari, ya doshi kalori 1,000 a zama ɗaya. Sai ya yi fiye da sa'a 3 a kan keke a natse kafin ya biya wannan bashi. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fita ba.

Akwai kuma wani tarko. Hawan keke na buɗe ciki, zuciya kuma na raya wa mutum cewa ya sha wahala, ya cancanci tukwici. Sai ya ƙara malmala, ya tsaya wurin mai tsire, ya kora da zoɓo mai zaƙi. Wannan shi ne amsar tambayar 'yan'uwa masu cewa tumbi ya ƙi sauka. Keke na ƙarfafa zuciya da huhu da cinya, yana taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari, kuma ya fi gudu sauƙi ga gwiwar mai nauyi tun da sirdi ne ke ɗauke da shi. Amma ragin kitse, mafi yawansa a kwano ake yin sa.

ABIN DA ADDINI YA KARANTAR

Babu abin da likitoci suka zo da shi a nan wanda Musulmi bai riga ya sami tushensa ba. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah (S.W.T.) Ya halatta ci da sha, Ya kuma haɗa wannan halacci da hani ga wuce iyaka. A hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba (R.A.) wanda Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi a kan cika tumbi, ya nuna cewa 'yan lomomi sun isa su riƙe mutum, in kuwa ba makawa sai ya ƙara, to ya kasa cikinsa uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya yi sharhin wannan, inda ya kasa ci zuwa mataki uku: na bukata, da na wadatuwa, da na rara. Mafi yawan cututtukan da muke magana a kansu daga mataki na uku suke fitowa.

Haka nan a hadisin Imrana ɗan Husaini (R.A.) da ke cikin Buhari, an lissafa bayyanar ƙiba cikin siffofin mutanen da za su zo bayan ƙarnoni mafifita. Malamai sun bayyana cewa abin zargi shi ne wanda ya nemi ƙibar da yawan ci da sha, ba wanda Allah Ya halitta da jiki ba. Don haka kada wani ya fita daga nan ya rinƙa yi wa ɗan'uwansa ba'a. Akwai mai gado, akwai wanda cuta ko magani ya sa shi ƙiba, izgili kuwa haramun ne. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tseren ƙafa da Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta wuce shi, bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Ashe motsa jiki ba zubar da girma ba ne, kuma Alhaji ko malami ya hau keke ba abin kunya ba ne.

GYARAN KWANO

Ba za mu ce ku nemo abincin Turawa ba. Duk abin da ake bukata yana cikin gonakinmu da fadamunmu. Ga abubuwa bakwai:

1. A fara da abin sha, domin nan ne ɓarna ta fi sauƙin toshewa. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, mutum zai sha kalori 300 ya kuma ci tuwonsa cif. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a rana, in an tsaya a 6 ya fi. Wannan ya haɗa da na shayi da koko da kunu da fura da zoɓo, har da zuma da mazarƙwaila. A rinƙa rage cokali ɗaya duk mako, harshe zai saba.

2. A auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Shinkafa da wake da mai da yaji abinci ne nagari, man da ke kwance a gindin kwano ne matsalar. Haka ɗanwake. Ƙosai da waina da awara da dankali soyayye a mai da su na wani lokaci. Alala ta fi ƙosai, dafaffen ƙwai ya fi soyayye, awarar da aka sa a miya ta fi wadda aka tsamo daga kasko.

3. A juya tsarin kwano. Mun saba tuwo ya cika kwano, miya ta zama ta shafawa. Mai son rage ƙiba ya sa ganye ya ci rabin kwanonsa: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabeji, kuɓewa, kabewa. Kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, sauran kuma wake ko kifi ko nama maras kitse. Mai cin malmala 3 ya koma 2, mai 2 ya koma 1 da rabi. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, in ba a malala masa mai ba, yana cika ciki da kalori kaɗan.

4. A bar wa hatsi dusarsa. Dawa da gero da masarar da ba a surfe ta ƙal ba sun fi daɗewa a ciki, kuma sukarinsu a hankali yake shiga jini. Abin takaici ne mu cire mafi amfanin hatsi mu ba dabbobi, mu ci saura.

5. Kada a rasa wake ko waken suya ko gyaɗa kaɗan ko nono ko ƙwai a kowane ci. Su ne ke gina tsoka, kuma su ke kashe yunwa. Mahayin keken da ya rage abinci ba tare da su ba, tsokar cinyarsa ce za ta zube tare da kitsen. Allah Ya albarkaci wannan yanki namu da wake da waken suya, bai kamata mu loda su duka a mota mu sayo taliya ba.

6. A rage gishiri da dunƙulen miya, a koma ga daddawa da citta da tafarnuwa. Abin da aka yarda wa baligi bai kai giram 5 na gishiri a rana ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Wannan ba don ƙiba ba ne, don hawan jini ne, su biyun kuwa abokan tafiya ne.

7. A gyara yadda ake ci. A zauna, a yi bisimilla, a tauna a hankali, domin saƙon ƙoshi kan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A ci tuwon dare da wuri, a bar al'adar cin na gida sa'an nan a fita majalisa a ƙara da balangu. Mai mata fiye da ɗaya, ko mai yawan zuwa walima, ya san cewa adalci da amsa gayyata ba su wajabta masa sharce kowane kwano ba.

Muna kira ga iyayenmu mata da matanmu, domin ludayi na hannunsu. Yawan mai a miya ba shi ne ƙaunar maigida ba. Mazaje kuma kada su ɗora laifi a kan mata, su ne ke yin cefane, su ne kuma ke ɓata rai in ba su ga mai na yawo a miya ba.

Wanda ya rage kalori 500 a rana ta waɗannan hanyoyi zai zubar da kimanin rabin kilo a mako. Kada a raina wannan. Ragin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya sassauta hawan jini da sukari. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2002, ya ɗora mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Sannu ba ta hana zuwa.

CI DA SHA A KAN HANYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ga mai keke, wannan na nufin minti 30 zuwa 60, kwana 5 a mako, da saurin da zai iya magana amma numfashinsa ya ɗaga. Wanda shagonsa ke kusa ya zagaya ta doguwar hanya. Bayan sallar Asuba ko bayan La'asar ya fi, musamman a bazara, kuma kada a yi nisa kai kaɗai a hanyar da ba a amince da ita ba.

Tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya ba, ruwa kawai take bukata. A ɗaura gora a keke, a rinƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba. In fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Tafiyar da ta haura sa'a ɗaya da rabi kuwa tana son guzuri kaɗan, kamar dabino 3 ko ayaba ɗaya, domin kada jiri ya kwashi mutum a tsakiyar titi. In an sauka, a ci abincin da aka saba a lokacinsa, kada a ƙirƙiro wani sabo da sunan tukwici.

Kada kuma matasa su ruɗu da 'yan tseren da suke gani a talabijin. Masu gasar zagaye ƙasar Faransa, irin su Biniam Girmay ɗan Eritiriya wanda ya lashe zango 3 a gasar 2024, sukan ci kalori 6,000 ko fiye a rana, domin suna shafe sa'a 4 zuwa 6 suna gudu da hawan duwatsu. Wanda ya kwaikwayi cinsu bai kwaikwayi aikinsu ba, ya san inda zai kwana.

AZUMI

Azumin Litinin da Alhamis da kwanaki uku na kowane wata sunna ce, kuma yana koya wa mutum mallakar cikinsa. Amma a tsarkake niyya, a yi shi don Allah; lafiyar da ta biyo baya kyauta ce daga gare Shi. Sa'an nan a kula da buɗa-baki. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa masu azumin Ramadan kan rage kimanin kilo ɗaya, amma cikin 'yan makonni bayan Salla mafi yawansa ya dawo. Dalili a fili yake: kunu da sukari, ƙosai, soyayyen dankali, lemo, sa'an nan tuwo, duk tsakanin Magariba da Isha'i. Mai azumin da ke son hawa keke don motsa jiki ya yi shi a natse dab da faɗuwar rana, ko bayan ya sha ruwa, ba da tsakar rana ba.

GARGAƊI

Kamar yadda wuce iyaka a ci yake abin zargi, haka ma azabtar da jiki. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Abdullahi ɗan Amru (R.A.) yin azumi kullum, ya tunatar da shi haƙƙin da jikinsa da iyalinsa ke da shi a kansa. Wanda ya daina cin abinci kwatsam yana kuma hawan keke zai gamu da jiri da kasala, tsokarsa ta zube, daga baya ya rama cin har ya wuce inda ya faro. A guji shayi da ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen rage tumbi da ake tallatawa a kasuwa da waya. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma wasu na illa ga ƙoda da hanta.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, su ga likita kafin su sauya ci ko su ƙara tafiya, domin sukari na iya faɗuwa a kan hanya. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe masa, ya sauka nan take a kai shi asibiti. Mai ciki da mai shayarwa da yara masu tasowa ba a sa su rage abinci. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, wannan ba nasara ba ce, yana iya zama alamar tarin fuka ko ciwon sukari ko wata cuta. Ya hanzarta zuwa asibiti.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, akwai abin da bai kamata mu tashi ba mu faɗa ba. A wannan jiha tamu ta Katsina, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta yi shela a 2022, ta sake yi a 2025, a kan dubban yaran da tamowa ta kwantar a cibiyoyinta, ɗaruruwa daga cikinsu suka rasu. Ke nan a ƙasa ɗaya wani na neman yadda zai rage tumbi, ɗan maƙwabcinsa kuma na neman abin da zai riƙe masa rai. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa abincin mutum ɗaya na iya wadatar da biyu. Saboda haka malmalar da ka rage, kada ta koma tukunya ta jira ka da safe, a miƙa ta gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kuɗin lemo da tsiren da ka bari, ka tara su wata guda ka auna wake ka kai wa marayu. Abin da zai zame maka cuta in ya shiga cikinka, shi ne zai zame maka lada in ya shiga cikin wani.

Muna roƙon kowa ya koma gida yau ya gwada igiyar nan. Wanda ta ƙi zagayawa ya zaɓi abu biyu daga cikin bakwai ɗin da muka lissafa, ya riƙe su kwana 40 tare da kekensa, sa'an nan ya sake gwadawa ya ƙara na uku.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu yi ta yi maSa sujada da goshinmu a ƙasa har ƙarshen rayuwarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.